Kabewar da Ta Hau Tarun Baba

Har yanzu idan na ji ruwa yana dukan gefen kwalekwale, ja da baya nake yi. Na gama sakandare ke nan ruwan tafkin Kainji ya fara cin gonakinmu, aka ce kowa ya kwashe. Kwalekwalen da ya ɗauko ni da Kaka ya kife dab da gaɓa. An tsamo mu, amma kayan ɗakinta sun tafi. Abin da ya tsira kawai irin kabewa ne da ta ƙulle a bakin zanenta, muka shanya shi.

Ɗakin da aka gina mana a sabon gari ba jinkar ciyawa gare shi ba, wani rufi ne mai santsi da ke shan rana. Da bazara ta kama, Kaka ta fito da tabarmarta.

"Wanga ɗaki ko tanda? Ni ba waina ba ce."

Har damina ta faɗi tana kwana a 'yar rumfa, feshi na dukanta, tari ya kama ta. Inna ta yi lallashi ta gaji.

Na shuka irin a gindin bango. A tsohon garinmu kabewa da kanta take hawa jinka ta lulluɓe ta. A nan ta miƙe ta rasa abin kamawa, rufin ya ƙone mata kai. Sai na hau na baza ciyawa, na shimfiɗa yagaggen tarun kamun kifin Baba a kai.

Tana cikin hawa ruwan sama ya ɗauke, ganye ya yi laushi. Ba inda zan ɗebo mai isarta sai bakin tafki. Na isa da tulu, na rufe ido na cusa shi. Washegari na koma.

Ran da na hango 'yar kabewar farko, na ɗaga hannu. "Kaka, ga ta can!"

Ta make min yatsa. "Ke 'yar boko, ba a nuna ta da hannu, zubewa takai! Da baki aka nuna ta."

Muka tsaya muna turo baki sama, Inna na dariya har da riƙe ciki.

Ba ta zube ba. Ganye ya rufe rufin ruf, ɗaki ya yi sanyi kamar gindin randa. Wata azahar Kaka ta shiga, ta dafa bango, ta daɗe kanta a sama.

"Miƙo min tabarmata," ta ce. "Babbar can kuma kar wanda ya taɓa, ta iri ce."