Wayar da na yi wa aski

Da sunan Allah nake farawa. Ranar Laraba, ƙarfe shida saura kwata, bayan an sallame asuba, na fita daga ƙauyenmu na ƙasar Zango, da tsohuwar rakodar mahaifina naɗe a zani, da wata wayar jona lasifika a aljihu. Shekaru kaɗan ke nan da ƙaddamar da shari'a a jiharmu.

Inna ce dalilin tafiyar. Malam, mahaifinmu, ya rasu ya bar waƙar wa'azi guda da ya rubuta da ajami, ya kuma rera ta da bakinsa a kaset. Kullum da hantsi Inna kan saurara. Da kunnenta ya yi nauyi, sai muryar rakodar ta daina isarta. Na ari amfilifaya da lasifika wurin maƙwabci, na haɗa waya da hannuna daga rakodar zuwa can. Abin da ya fito ƙugi ne, muryar Malam can ƙarƙashinsa. Ni ne ɗan farin Inna, ba ta faɗin sunana, ba ta yi mini magana ido da ido. Bango ta kalla ta ce, "A kashe. Malam bai taɓa karatu a gindin injin niƙa ba." Kwana tara ba ta sake neman kaset ɗin ba, abincinta ma ya ragu. Da zan tafi ta yarda in ɗauki rakodar, amma kaset ɗin yana ƙarƙashin matashinta, ta ce ba ya hawa mota.

Zango

Mai babur ya sauke ni a tasha ƙarfe shida da rabi. Na sha koko da ƙosai a tsaye, muka jira mota ta cika har bakwai da rabi, mata a kujerar baya, maza a gaba. Na rungume rakodar a cinya. Mun ɗan taɓa tafiya sai ga shinge, jami'i ya leƙo.

"Malam, me ke cikin zanin?"

Kafin in buɗe baki direba ya ce, "Tsohuwa ce, ranka ya daɗe, asibiti za a kai ta."

Jami'in ya ɗaga zanin, ya yi dariya, ya ce Allah ya ba ta lafiya. Na amsa da amin, amma ba rakodar ce a zuciyata ba.

Daura

Takwas da kwata muka shiga gari. Na bi ta unguwar Kusugu a ƙafa zuwa rumfar Sule mai gyaran rediyo, wanda muka yi karatun allo tare. Bayan gaisuwa mai tsawo na miƙa masa wayar. Ya kwance kanta, ya duba, ya dube ni.

"Alaramma, wa ya yi wa wayar nan aski?"

Na ce ni ne. Da na fere robar na tarar da wasu siraran gashin jan ƙarfe sun kewaye wayar tsakiya, sun yi buzu-buzu. Na sa wuƙar da nake fiƙe alƙalami da ita na share su tas, don aiki ya yi tsabta.

Sule ya yi dariya har da hawaye. "Ka taɓa ɗaukar Alƙur'ani cikin damina ba gafaka? To wannan saƙar ita ce gafakar. Murya a wayar tsakiya take tafiya, ba ta da ƙarfi. Saƙar ke tare mata ƙarar wutar lantarki, ta nan ne kuma wutar muryar ke komawa gida. Ka yanke mata hanya, ka tsiraita ta, sannan ka ce don me take kuka."

Ya tura ni shagon Oga Chidi, Inyamurin da ya yi shekaru yana sayar da kayan wuta a garin. Na ce waya nake so. Ya ce, "Malam, mai saƙa a ciki ko ta fitila? Kamu nawa?" Na ce kamu goma, don ta wadata. Ya girgiza kai. "Sule ne ya aiko ka? Biyu zai ce. Doguwa kwashe-kwashe take yi a hanya." Biyun na karɓa.

Da na koma babu wuta a rumfar, a garwashi Sule ya ɗora ƙarfen dalma. Ya ce shi ba zai taɓa ba, ni zan yi, don gobe ba ya Zango. Na fere robar a hankali. Na tsefe saƙar da tsinke, na tattara ta gefe guda, na murɗe ta kamar igiya. Wayar tsakiya na liƙa a tsinin filogi, saƙar a jikin ƙarfensa na waje. Dalmar farko ta dunƙule kamar kashin akuya, ya sa na sake. Ya ɗaga wayar a hasken rana, ya nuna mini gashi guda da ya kauce yana neman taɓa tsinin.

"Wannan kaɗai ya isa ya haɗiye muryar Malam. Kai da ka san abin da ɗigo guda ke yi wa harafi."

Bayan azahar aka kawo wuta. Muka jona rakodar da amfilifayarsa, ba kaset, ya ƙure murya. Shiru, sai ɗan huci kamar numfashin mai barci. Muka ci fura da nono, ya gargaɗe ni kada in kwantar da sabuwar wayar kusa da ta wuta, ya ce in gaida Inna.

Gida

Ƙarfe huɗu da rabi na iso. Muna da wuta, alhamdu lillahi. Na jona komai a ƙofar ɗakin Inna, matata ta karɓo kaset ɗin. Muryar Malam ta fito sarai, kamar yana zaune a kan buzunsa.

A baiti na bakwai akwai wurin da yake tsayawa. Shekara da shekaru mun ɗauka numfashi yake ja. Yau, a bayan muryarsa, muka ji taɓarya tana sauka a turmi can nesa. Malam ya juya daga bakin rakodar, a hankali ya ce, "A ɗan sassauta dakan nan." Sai wata dariya ta mace, gajeriya, ta ƙuruciya.

Inna ta dafa tabarma ta gyara zama.

"Geron furarsa ne," ta ce. "Ban kuwa sassauta ba."

Sau uku aka mayar mata da wurin. Sannan ta tambayi matata ko akwai sauran tuwo. Da aka tafi kawowa, ta kalli bango ta ce, "A gaya wa mai wayar nan, Allah ya yi masa albarka."

Ban tambaya ko Sule take nufi ko wani ba. Na amsa mana mu biyu. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni lafiya, ya dawo da ni lafiya.