Jar Fatar da Muka Shanya Ta Koɗe

A ƙarshen mulkin soja, mai saye ɗaya tak ya rage wa mahaifina a ƙasar waje, wani Bature. Sana'ar gidanmu a Ƙofar Dundaye jar fatar akuya ce, wadda ake rinawa da karan dafi. Sauran masu sayen duk sun watse, shi ma wannan sai ya ce ya gaji da jiran samfuri ta gidan waya, a sa masa hotuna a intanet ya zaɓa.

Akwai wani mai shagon kwamfuta a Sabon Gari, mutum mai iyayi da yawan kaɗa makulli. Shi ya yi mana shafin. A na'urarsa kam jan ya fito tas, har Baba ya yi murmushi. Baturen ya zaɓa, muka ɗaure kaya muka aika.

Kayan suka dawo. Bature ya bugo waya ya ce ba launin da ya gani ba ke nan, wannan ya cika ja.

Na koma shagon raina a ɓace. Mutumin ko tashi bai yi ba, ya juyo mini da allon ya ce a tasa na'urar komai daidai yake. Har yau ba na ƙaunar jin wannan maganar. Sai da na matsa masa ya ce kowace kwamfuta da yadda take nuna launi, manhajojin buɗe shafi ma ba sa jituwa. Ya san haka tun farko, bai ga dalilin faɗa mana ba.

Wani ɗan ƙanen Baba a Gidan Dahala yana da kwamfuta irin ta Baturen. Muka je da fata ɗaya. Da shafin ya buɗe, hotuna sun hau kan rubutu, jan namu kuwa ya koma kamar tsohuwar tukunyar ƙasa. Baba ya kara fatar a jikin allon, ya daɗe yana kallo.

Na ce, "Baba, a gyara shahin mana."

Ya ce, "Shi abin da yag gani shi ka so. In munka tsaya gyara, wani za ya samu."

Washegari ya sa aka shimfiɗa fatun a kan soro. Mutumin da ke faɗa idan rana ta taɓa kayansa, shi ne yake hawa yana juya su, yana gwada su da abin da ya gani. Ni ko hawa na ƙi yi, don abin ƙyama yake ba ni. Majema suka daina haɗa ido da shi a masallaci.

Da suka koɗe sosai aka sake aikawa. Bature ya bugo waya yana murna, ni nake fassara. Baba ya ce, "Mi yac ce?"

Na ce wai wannan ce jar fatar Sakkwato ta asali, kuma daga yau irinta kaɗai yake so.