Muzuruna a Hannun Ƙanwata

Ni mace ce mai zaman ɗaka, karatuna bai wuce na allo ba, amma Allah ya ba ni baki da kunne. A lokacin da nake ba ku labari, mijina ya rasu, ɗiyana sun watse neman abinci, ina zaune a ƙauyenmu kusa da Gangara. Da rashin tsaro ya tashe mu, na bar rumbu da awaki da tukwanen da na gada, na fito da ƙunshin tufafi da muzuruna cikin kwando, baƙi mai farin wuya, wanda na rena tun idonshi bai buɗe ba. Ƙanwata ta karɓe ni gidanta a Sabon Birni. Ba ta taɓa yi mini gori ba, iyaka ta ce in hana wannan abin hawan mata gado, don ita ba ta son kyanwa.

Bayan damina sai na ga muzurun yana tsugunawa cikin ƙasa yana kuka, fitsarin na fita ɗigo-ɗigo da jini. Mijin ƙanwata direba ne na hanyar Sakkwato, shi ya kai mu wurin likitan dabbobi can. Anka sa mishi roba anka zuƙe fitsarin. Likita ya ce wani abu kamar yashi ke taruwa cikin mafitsararshi yana toshe hanya, ya haɗa mu da abincin magani, ƴan ƙwayoyi busassu sai ka ce kashin akuya. Ya ja mini kunne cewa daga yau ba kifi, ba tuwo, ba nono, sai wannan da ruwa.

Munka dawo gida, muzuru ya shinshina ya juya mini baya. Na roƙe shi, na yi mishi waƙa, na ɗora a tafin hannuna, har na tauna guda ɗaya gabanshi don ya ga ba guba ba ce. Ƙanwata ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce Yaya ta gama cinye maganin, saura mai ciwon. Ya rame, ni ma na rame. Sai wata safiya ta ce in ba ta ta gwada. Ta jiƙa ƙwayoyin da ruwan ɗumi, ta dame, ta zuba a faranti mai faɗi, ta aje kusa da ƙafarta, ta ci gaba da tsinkar zogale kamar ba ta san da shi ba. Ina daga ɗaki na ji ƙarar lasa.

Ya kamata in yi hamdala. Na yi, amma a baki. Kullum sai in ji tana kiranshi Alhajin gida, ita da ta ce ba ta son kyanwa, in ji ƙarar kwanciyarshi bisa gadon da anka hana shi. Na riƙa cewa a raina tana da miji, tana da gida da rufin kwano, ɗiyanta na gabanta, ni abu guda na tsira da shi, shi ma sai ta haɗa? In maƙwabta sunka yaba hannunta sai in ji kamar an watsa mini barkono.

Ranar kasuwa na sayo busasshen kifi na ɓoye cikin kwalla. Na ce wa kaina kan kifi guda ba ya kisa, kuma alhaki ne in riƙa ci shi yana kallona, sai na miƙa mishi. Ya dawo ɗakina da gudu. Kai guda ya zama kullum, ya fara barin farantinta, ita kuma tana ta damuwa tana sake ɗumin ruwa, ni ina jin daɗi. Allah ya yafe mini, daɗi na ji ƙwarai.

Ciwon ya dawo fiye da na farko, ko ɗigo ba ya fita, cikinshi ya yi tauri. A mota ƙanwata ce ta rungume shi. Ta shinshina bakinshi ta ji ƙarnin kifi, ta dube ni, ta ci gaba da shafa shi har Sakkwato. Da likita ya tambayi abin da yake ci, ita ta riga ni, ta ce wataƙila ya yi sata a maƙwabta. Wannan rufin asiri ya fi mari zafi. Na ce ba sata ya yi ba, ni ce.

Ya rayu, amma da ƙyar. Da ɗana ya kama mini ɗaki a Isa, na so in tafi da shi, ƙanwata ta tambaye ni a hankali ko za ni iya jin kukanshi in hana. Na san ba ni iyawa. Na bar mata shi.

Har yau in na je ziyara na tarar da shi kwance bisa cinyarta, ya yi ƙiba yana sheƙi, zuciyata na sosuwa, ba za ni ɓoye muku ba. Abin da na gane shi ne ban damu da ya warke ba kamar yadda na damu da ya warke a hannuna. Ƴan uwa, in kuna jinyar wani, mutum ko dabba, kuka ga ya fi karɓa daga hannun wani, ku bar shi ya karɓa. Abin da likita ya hana kuma kar ku mai da shi toshi. Ni na yi, kuma ɗakina babu motsin komi sai nawa.