Jirgin Ɗan Kwalfe da Kafaɗar Bashiru

Bana mun sha wuya, ba ni da wata kalmar da ta fi wannan. Ni ne direban motar kulob ɗinmu a nan Birnin Kebbi, kulob ne na ƙaramin rukunin ƙwararru, kuma tun da aka buɗe gasa ban ga wasan da muka ci hankali kwance ba. Kullum ɗaya mai ban haushi. Mu jefa ɗaya, mu koma baya mu tare, ƙwallo na dukan turke, 'yan kallo na salati, har alƙalin wasa ya hura usur. Da haka muka kutsa cikin masu buga zagayen sili ɗaya ƙwale, inda wanda aka doke zai tattara ya koma gida, wanda ya tsaya har ƙarshe ya hau babban rukuni.

Mai tsaron ragarmu ɗana ne, Bashiru. Duk wannan ɗaya-ɗayan da ake yabo, rabinsa a hannunsa ya tsaya.

A teburin shayin Shehu da ke Badariya ba a da wata hira sai wannan. Shehu ya dage cewa wanda ya saba cin wasa da ƙyar shi ke ɗaukar kofi, don zuciyarsa ta riga ta yi kanta, matsi ba ya razana shi. Ɗanjuma mai faci kuwa cewa yake sa'a ce kawai muke ta ci, kuma ranar da za ta ƙare ita ce ranar da muka fi bukatarta. Ya ce waɗanda za mu fara karawa da su huɗu-huɗu suke zubawa mutane. In suka gaji sai su juyo kaina, wai Baba Direba ya raba gardama. Ni ban yi boko mai nisa ba, ban iya lissafin teburin gasa ba. Sai in sha shayina in tashi. Amma duk sanda suka fara, Inna Jumma nake tunawa.

Inna Jumma kakata ce, mahaifiyar babana, a Argungu. Bandar kifi take yi. Da an idar da magariba sai ta hura wuta a ƙarƙashin banda, ta yayyafa ɓuntun shinkafa don ta yi hayaƙi, ta jera tarwaɗa da ƙarfasa a kan waya. Hayaƙin yana korar sauro, shi ya sa mu yara muke maƙalewa a wurin, ni da yayana Garba da ƙanwarmu Balki. Idanu na ruwa, riguna na warin kifi, ba mai tashi. In wani kifi ya fashe a wuta, ba ya shiga kwandon kasuwa, namu ne. Garba ya sha addu'ar Allah Ya fasa babba.

Ba ta fara tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke farawa. Sai ta buga muciya a ƙasa ta ce, “Ga baƙuwa bakin ƙofa.” Mu ce ta shigo. Tana da su da yawa, amma wadda muka fi roƙo ita ce ta Ɗan Kwalfe.

Wai wani masunci ne mai tsohon jirgi, jirgin yana yoyo ta ƙasa. Gyaransa sai an jawo shi tudu, ya bushe, a cusa tsumma a liƙe, kuma duk kwanakin nan ba su. Shi kuwa ba ya son ya rasa ko wuni guda. Sai ya samu ƙoƙo ya ajiye tsakanin ƙafafunsa. Hannu ɗaya na tuƙi, ɗaya na kwalfe ruwa. Kullum da ƙyar yake kai gaci, ruwa har idon sawu, mutanen bakin gulbi na yi masa dariya, har suka laƙaba masa Ɗan Kwalfe. Maƙwabcinsa kuwa sabon jirgi gare shi, ko ɗigo ba ya shiga, yana wuce shi yana fito. Rannan aka yi ruwan da ba a taɓa yi ba, gulbi ya cika ya batse, iska ta taso su biyun suna tsakiya.

Daga nan ne Inna take raba hanya. Wani dare sai ta ce igiyar ruwa ta faɗa cikin jiragen duka biyu. Mai sabon jirgi bai taɓa ajiye ƙoƙo ba, bai ma san ta inda ake farawa ba, ya tsaya yana ihu har jirgi ya cika. Ɗan Kwalfe kuwa abin da ya saba ne, bai ko ɗaga kai ba, ya kwalfe, ya tuƙa, ya kai gaci, ya koma ya ciro maƙwabcin. Mu yi ta tafi.

Wani dare kuma, da muryar nan tata ɗaya, sai ta ce da iska ta bugi jirgin, 'yar ɓarakar nan da ya yi shekaru yana raina ta ta yage ta zama baki. Ƙoƙo bai isa ba. Da safe ƙoƙon kaɗai aka gani yana yawo a kan ruwa. Ta juya kifinta, ta ce baƙuwa ta tafi, kowa ya je ya kwanta.

Wannan abu ya dame ni ƙwarai. Rannan na tsare ta, na ce Inna ƙarya kike mana, mutum ɗaya ba ya mutuwa kuma ya tsira. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta ce, “Kai miji na banza, huskokinku nike dubi. Wanda na ga zuciya tai ta karye, in hisshe mai da Ɗan Kwalfe. Wanda na ga kai nai ya hwara kumbura don ya tsira sau ɗaya, in nutsar. Gara shi nutse nan bakin wuta da shi nutse can gulbi.”

Sai da na girma na auna maganar. Lokacin da Balki ta tashi daga doguwar jinya, ƙafafunta kamar sillen kara, kullum Ɗan Kwalfe yana kai gaci. Ranar da Garba ya haye gulbi da iyo bayan an hana shi, ya dawo yana bugun ƙirji wai da ƙyar ya sha amma ya sha, a daren nan Inna ta nutsar da mutumin nan, ba ta ko kalli Garba ba. Garba bai ci fasasshen kifi ba ranar.

To ni bana, tun farkon gasa, ta farkon nake ba Bashiru. In mun dawo daga wasa kowa ya yi barci a mota, shi yana kujerar gefena, sai in ce masa kai ne Ɗan Kwalfe, bar su su yi ta dariya. Yana jin daɗinta. Yaro ne da aka daɗe ana ajiyewa a benci, yana bukatar a fishe shi.

Amma direba yana gani ta madubi. Na ga ya daina rataya jakarsa a kafaɗar hagu. Na ga in motar ta faɗa rami yana cije leɓe. Abin da ya tabbatar mini kuwa a masallaci ne. Muna sahu ɗaya, liman ya yi kabbara, hannunsa na dama ya kai kunne, na hagu ya tsaya a ƙirji. Na bincika, ashe tun wani karo da ya yi da turke yake zuwa wani kemis ana yi masa allura kafin kowane wasa. Koci Lawali, mai horar da su, bai sani ba.

Ana saura kwanaki kaɗan wasanmu na farko a zagayen sili ɗaya ƙwale, bayan isha, na same shi a tsakar gida yana wanke safar hannunsa da hannu ɗaya. Na zauna a kan turmi. Na ce ya ɗaga hannun hagu in gani. Bai ɗaga ba. Ya ce masu neman 'yan wasa daga manyan kulob za su zo kallo, in bai tsaya a raga ba Sama'ila ɗan garin Gulma za a saka, kuma irin wannan dama ba ta zuwa sau biyu. Ya ce duk wasannin nan da hannun nan ya buga su, kuma ba a ci shi ba.

“Baba, ai kai ka ce Ɗan Kwalfe yana kai gaci.”

Na ce, “Ban ba ka ita duka ba.”

Na ba shi ɗayan ƙarshen, yadda Inna take bayarwa, har zuwa ƙoƙon da ke yawo a kan ruwa. Ban iya muryarta ba, kuma babu wuta, sai fitilar waya. Ruwan sabulu na ta ɗiga daga safar da ke hannunsa. Can ya tashi ya shiga ɗaki, bai ce mini sai da safe ba.

Har yau in aka tambaye ni tsakanin Shehu da Ɗanjuma wa ya fi gaskiya, ban sani ba. Na ga kulob ɗin da suka rarrafo da ɗaya-ɗaya suka ɗauki kofi, na ga waɗanda aka watse da su tun wasan farko. Cin wasa da ƙyar yana koya wa mutum tsayuwa, wannan gaskiya ne. Yana kuma koya masa raina ɓaraka, don kullum yana ganin ya kai. Teburin gasa ba ya nuna wanne ne a ciki. Sai wanda ya leƙa ƙasan jirgin. Ni na leƙa, kuma abin da ke ciki ba kofi ba ne, hannun da yaron nan zai ci abinci da shi ne har tsufansa.

Da aka idar da asuba na fito da babur, na ƙwanƙwasa ƙofarsa. Na ce gidan Koci Lawali za mu, daga can asibiti, ko ya faɗa da bakinsa ko ni in faɗa. Ya dube ni. Sannan ya koma ciki ya ɗauko safar nan da ya wanke, ya ce ta Sama'ila ta yage a babban yatsa, gara ya kai masa wannan. Ya hau bayana, ya riƙe ni da hannun dama, na hagun yana kwance a cinyarsa. Na ja a hankali, ina kauce wa ramuka.