Daddawar Turawa a Tukunyar Koko

Matso kusa, 'yar'uwa, ki ji yadda na taɓa dama wa mutanen gidana koko da daddawa, da hannuna, ina rawar kai.

Lokacin da zaman ƙauye ya gagara, muka ɗauko Inna, mahaifiyar maigidana, daga garinsu can bayan Dauran, muka kawo ta Ƙaura. Jikinta ya zo, bakinta bai zo ba. Tuwo ta ce warin inji yake, miya ta ce ruwan wanke-wanke. Sai ta taɓa loma ta ture kwano, ta juya wa bango fuska. Zane ya fara yi mata yawa. Maigida direba ne a hanyar Shinkafi, kullum sai ya shigo da tsire ko soyayyen kifi, mu muke cinyewa muna jin kunya. Tsoronmu ɗaya: kada tsohuwa ta ƙare a hannunmu da yunwa, ga abinci a gabanta.

Muna da maƙwabciya, Sista, ma'aikaciyar jinya 'yar Binuwai. Wata safiya tana saurin fita aiki ta miƙo mini wata 'yar baƙar kwalba ta kan katanga, ta ce ƙanenta ya aiko mata daga Ingila.

"Maman yara, ki shafa wa Mama a burodi, yana buɗe ciki. Amma kaɗan fa! Kaɗan-kaɗan!"

Na buɗe. Baƙi wuluk, yana sheƙi, na sa cokali ya biyo yana zare. Na ce kai, maɗi! Maɗin Turawa! A raina na ce Sista dai akwai kirki, amma wa ya taɓa jin an ce maɗi kaɗan-kaɗan? Ga mura ta toshe mini hanci, ga shi ina ramuwar azumi ballantana in lasa. Na zurma cokali na kwaso, na ƙara kwasowa, na juye a tukunyar koko. Ko sukari ban sa ba, don kada zaƙi ya yi yawa. Na zuba wa kowa, na koma gefe na naɗe hannu ina jiran yabo.

Maigida ya kurɓa. Bai haɗiye ba, bai tofar ba. Kumatu cike, ido ya yi ja, yana dubana kamar na taka masa birki a gangare. Da ƙyar ya kai bakin rariya.

"Ke! Mi kinka sa ma kokon ga? Taya kinka ƙona ciki?"

"Maɗin Ingila na, Malam."

"In wanga shi na maɗinsu, wallahi mutanen ga na cikin wani hali. A sa su addu'a."

Babbar 'yata tana ta goge harshe da gefen mayafi, ni kuwa dariya ta kama ni har na zauna a turmi, ban ma san abin da nake wa dariya ba tukuna. Sai muka ji murya daga ɗaki, muryar da muka daɗe ba mu ji da ƙarfi haka ba.

"Wa ad da batso gidan ga?"

Inna ce. Ta fito dafe da bango, hanci a sama. Batso, in ba ki sani ba, daddawar 'ya'yan yakuwa ce, wadda in an buɗe ta a wannan unguwa sai waccan unguwa ta sani. Ni tun ina amarya na kore ta daga miyata, don maigida ba ya ko son jin sunanta.

Inna ta karɓi kwalbar, ta dangwala da ɗan yatsa, ta lasa, ta lumshe ido.

"Gishiri ya yi mata yawa," ta ce, "kuma ba ta ruɓa yadda ya kamata ba. Amma mai yin ta ta san hannunta. Ɗiyar wane gari ta?"

"Ingila, Inna."

"To a gaishe ta. Ke kuma, wace irin mace ka sa daddawa ga koko? Tashi ki aza mani miyar sure."

Ranar Inna ta share malmalar tuwo da miyar yakuwar da na sa wa daddawar kwalbar, ta suɗe kwano, ta tambaya ko da saura. Maigida ya fita waje wai zai duba mota, na san hawaye ya je gogewa.

Da Sista ta dawo na ba ta labari ta kan katanga, sai da ta riƙe ciki don dariya. Ta ce da yis na burodi ake yin abin, kuma can ma haka suke, wasu kamar su mutu a kansa, wasu ko a teburinsu ba a ajiyewa.

Kwalba dai ta kusa ƙarewa, hankalina ya tashi. Inna ta ce in bar wahalar da matar Ingila. Ta aika Kasuwar Daji aka auno gurguzu, wato 'ya'yan yakuwar, ta zauna a kujera tana ba da umarni, ni ina dafawa, ina daka, ina rufewa a tukunya ya kwana ya tashi. Ranar da muka buɗe, kajin gidan ma sai da suka canza wurin kiwo. Inna ta gutsura ta ce a kira Sista a ba ta tukuici. Sista ta shinshina, ta ja da baya har ta bugi ƙofa.

"Mama, ki yi haƙuri, wannan kam ya fi ƙarfina!"

"Ji ta! Kina shan ta Turawa da ba ta nuna ba, ki ƙi wadda ta nuna?"

Yanzu tukunyar miya biyu nake azawa. Inna ta yi kumatu, faɗa ya dawo, har ta fara ce mini ban iya shara ba, ni kuwa daɗi nake ji. Maigida yana cin nasa tuwon a zaure, ya juya wa iska baya. Ni da na fara da ɗanɗana gishiri kawai, jiya na kama kaina ina suɗe ludayin Inna.

To ke in kin zo mana yini, a wace tukunya zan zuba miki?