Yatsan Baba Ishaya da Kabewar Cikin Tabarau

Har gobe ban manta da ranar da Baba Ishaya na Gazara ya kusa faɗuwa jarrabawar kabewa ba, shi da ya fi shekara arba'in yana noma ta. A daminar da ta gabaci ritayata ne, ina malamin gona a Makarfi.

Wata ƙungiya ce ta kawo mana na'urar koyar da manoma. Wani tabarau ne kamar ƙaramin akwati, in ka ɗaura a ido sai ka tsinci kanka tsakiyar gona. A hannu kuma ana ba ka waya: kana jan yatsa a fuskarta, wani jan ɗigo yana yawo cikin gonar, in ya hau kan kabewa mai tsutsa sai ka danna. Wanda ya fi kowa ci, shi za a naɗa jagoran manoman mazaɓarsa. Ni na sa sunan Baba, na kuma cika baki gaban Injiniya Binta, wadda ta zo da kayan daga Zariya, cewa duk yankin babu kamarsa.

Samari suka yi ta ci, don sun saba da latse-latse. Da aka ɗaura wa Baba sai ya ce wallahi wannan gona tana son ciyawa, aka kwashe da dariya. Amma lokaci ya ƙare bai zaɓi ko ɗaya ba. Aka sake, haka. Kunya ta rufe ni, haushi kuma ya kama ni, har na yi masa magana da ɗan zafi, abin da nake nadama har yau. Injiniya ta ce ƙa'ida sau uku ne, in ya sake faɗuwa dole ta ba wani.

Kafin na ukun sai na tsugunna na dubi hannunsa. Ashe lanƙwashe yatsan yake yi yana buga wayar da bayan gaɓa, wurin kuwa ya yi kanta ya taurare, wayar ba ta jin sa. Na ce ya miƙe yatsan mana.

"Haba Malamin gona," ya ce, "ka taɓa ganin an nuna ƙaramar kabewa da tsinin yatsa? Ai zubewa za ta yi."

Na ce Baba hoto ne fa. Ya ce ya sani sarai, amma hannun da ya saba a hoto zai saba a gona.

Injiniya ba ta yi dariya ba. Ta tambaye shi yadda yake nuna wa 'ya'yansa wadda ta lalace, ya tura haɓa gaba. Sai ta zauna kan buhun taki da kwamfuta a cinya, ta sauya tsarin: ɗigon ya koma bin inda kai ya juya, wayar kuma ko'ina ka dafa da babban yatsa ta amsa, ba sai ka nuna komai ba. Ta ce dama hanyar tana ciki, su ne suka ɗauka jan yatsa ya fi sauƙi.

Kai, zo ka ga aiki! Baba na tura haɓa, waya na ƙara. Ya gama da sauran lokaci, har ya tsaya kan wata ya ce lafiyarta lau, rana ce ta ƙona ta. Injiniya ta duba ta ce gaskiyarsa, su suka yi kuskure. Shi aka naɗa, da wannan tsarin kuma muka zaga Kudan da Ikara.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, in manomi ya kasa, ku dubi hannunsa tukuna kafin ku ɗaga masa murya. Ni sai da na ɗaga sannan na duba.

Baba Ishaya ya rasu bara. Kwanan baya ɗansa ya turo mini hoton gonar a waya, kabewa ta fara 'ya'ya. Na zo buɗewa, sai na ga na lanƙwashe yatsa.