Kusurwar da ban auna ba

Shekarar da aka rufe ramin ma'adinin Akokan, gidanmu suka kwashe suka koma Damagaram, aka bar ni wurin Gwaggo in ƙarasa ajin birebe, wato na jarrabawar gama kwaleji. Baba ya ce in na ci jarrabawar, in biyo su. In na faɗi, in maimaita shekara a nan, a unguwar da ƙofofinta suka cika da kwaɗo, wadda ko motar ma'aikata ta daina shiga.

Ni kaɗai nake bita a tsakar gida. Gwaggo sai dai ta leƙo kayena, littafin da nake rubutu a ciki, ta ce, "Yau ma layin ne? Ke da layi kamar mai saƙar tabarma!"

Ranar jarrabawar lissafi aka raba takardu. Layuka biyu a kwance, na uku ya gitta su. An rubuta a sama cewa biyun farko paralel ne, wato ba su haɗuwa. An ba da kusurwa ɗaya ta ciki, digiri saba'in, ana neman ta ciki da ke jikin ɗaya layin, a ɗaya gefen wanda ya gitta. Amma da hannu aka yi zanen, a ɗan karkace. Na ɗora raportar, abin auna kusurwa, na auna, sittin da huɗu. Na sake, sittin da huɗu. Biro ya suɓuce mini ya faɗi, kowa ya juyo. Ba abin da nake gani sai wata shekarar a tsakar gidan nan.

Can na tuna Baba, wanda ya daɗe yana aiki a ƙarƙashin ƙasa. Ya taɓa ce mini, "Ɗiyata, can ciki in kin hangi hanya, sai ki rantse bangon dama da na hagu sun haɗe a gaba. Sabon shiga ne ke yarda da idonsa. Mu alamar masu awo muke bi."

Na soke abin da na auna. Na rubuta saba'in, na kawo dalili: tunda layukan ba su haɗuwa, kusurwoyin nan biyu daidai suke. Na fita ban tambayi kowa abin da ya samu ba, tsoro ya hana ni. Har yau in na ga raportar sai gabana ya faɗi.

Ranar sakamako na tsaya bayan taro. Da aka kira sunana, na waiga, ba wanda zan rungume. Na kira Baba a waya na faɗa masa.

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Ki ce wa Gwaggonki ta kai ki tasha ranar Asabar."

Da na faɗa mata, ta ce, "To, madalla." Ta sunkuya ta naɗe tabarmar da nake bita a kai, ta jingine ta bayan ƙofa.